Farin Keke a Gindin Gangare

Laraba, 15 ga Mayu, da yamma

Na dawo gida. Matata Corinne ta zauna wurin ɗanmu Emmett a asibitin birni, ta ce ni in koma saboda ƙanwarsa Signe. Yarinya 'yar shekara bakwai ba a barinta da tsohuwa kaɗai, ga shi mahaifiyar Corinne, Kaka Aili, ko matakala ba ta iya hawa tun da gwiwa ta kama ta. Na ce to.

Wata nas ce ta ba ni shawarar in riƙa rubuta abin da ke faruwa a gida. Ta ce ranar da ya farka zai so ya san abin da ya wuce shi. "Ranar da" ta ce, ba "in" ba. Na lura.

'Yan sanda sun kawo keken Emmett tun ba na nan, sun jingine shi a bakin gareji. Tayar gaba ta lanƙwashe ta koma kamar kunne. Hular kwanonsa tana nan rataye a hannun keken, madaurinta a ɗaure, ko ƙwarzane babu a jikinta. Na daɗe ina kallonta. Daga baya na shigar da su ciki na lulluɓe da tamfol.

Firji ya cika da abincin maƙwabta har ba ya rufuwa sosai. Babu mai ci.

Alhamis, 16 ga Mayu, da safe

Corinne ta kira. Babu canji.

Alhamis, da yamma

Unguwa ta yi tsit. Kowace shekara da zarar dusar ƙanƙara ta narke yara suke fitowa da kekuna, tun daga bakin coci a kan tudu har gindin gangare inda layinmu ya haɗu da babbar hanya. Ihu da ƙararrawa har faɗuwar rana. Yau ko ɗaya. Kekunan na kwance cikin ciyawa a ƙofar gidaje kamar an kira masu su an ce su tashi su bar komai.

Signe ta tambaye ni ko za ta iya hawa nata, ko a tsakar gida ne. Na ce a'a. Na ɗauke shi na rataye a ƙugiyar da ke saman gareji, inda ko ta taka kujera hannunta ba zai kai ba. Ba ta yi kuka ba. Tsayawa ta yi tana kallon tayar baya tana juyawa har ta tsaya.

Tana kan tudu ranar Asabar ɗin da mota ta buge Emmett. Ta ga komai. Ba ta ce uffan ba, ni ma ban tambaya ba.

Wayar gida ta yi ƙara muna cin abinci. Na ɗauka, shiru. Akwai mutum a ɗaya gefen, ina jin numfashinsa. Na ce wane ne, ya kashe.

Juma'a, 17 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta.

Na fita zan kai Signe makaranta. Hazon tafki ya rufe gari, sai ka zo dab da abu kake ganinsa. A gindin gangare, jikin falwayar fitila, akwai keke. Na yara. An yi masa farin fenti gaba ɗaya, taya, sarƙa, sirdi, har ƙararrawa. An ɗaure shi da wata sarƙa da kwaɗo.

Kowa ya san abin da ake nufi da farin keke a bakin hanya. Ba a ajiye shi sai inda aka rasa rai.

Na taka birki a tsakiyar hanya. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, kowa ya ji labari sai ni. Na kira Corinne, tana ɗauka na ce, "Yana nan?" Ta ce, "Ina zai je, Ruben? Me ya faru?" Na ce ba komai, mafarki na yi.

Signe tana bayan mota ta ce, "Baba, na wane ne wancan?" Na ce wani ne ya manta da shi.

Da na sauke ta na dawo da almakashin ƙarfe na yanke sarƙar, na jefa keken a bayan mota, na kai shi bayan gareji na kifa. Fentin bai gama bushewa ba. Na wanke hannu da sabulu, na wanke da fetur, har yanzu yana cikin farcena. Kaka Aili ta kalli hannuna, ta kalli fuskata, ta ce kofi ya huce, ta sake ɗora wani.

Lahadi, 19 ga Mayu, da yamma

Na je asibiti na dawo.

An aske masa gefe ɗaya na kai. Likita ta sake yi mini bayanin ƙashin da suka cire don kumburi ya sami wurin zuwa, ta ce an adana shi, za a mayar in lokaci ya yi. Na gyaɗa kai kamar na gane yadda za a ce wani yanki na ɗana yana ajiye a wani ɗaki.

Hannunsa da ɗumi. Farcensa ya yi tsawo. Corinne ta ce in yi masa magana, yana ji. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne labarin rufin gidan da nake gyarawa kafin in bar aiki. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ina ba shi labarin kwano da ƙusa.

Nas ɗin nan ta raka ni har bakin lif. Ta ce kowace bazara haka suke, da an fara ɗumi sai a fara kawo su. Ta ce mai hula yakan zo da karaya da kurjewa, ya yi kuka, a sa masa filasta ya koma gida. Ba ta ƙarasa sauran ba.

Ban gaya wa Corinne zancen farin keken ba.

Litinin, 20 ga Mayu, da safe

Akwai wani kuma. Wuri ɗaya, falwaya ɗaya. Wannan ya fi na farko ƙanƙanta.

Na koma bayan gareji da sauri. Na farkon yana nan a kife inda na bar shi.

Litinin, da rana

Na bi gida gida. Darlene ta gidan kusurwa, wadda tagarta ke kallon wurin, ta ce ba ta ga kowa ba, ta tashi ne ta tarar da shi. Fasto ya ce ba daga coci ba ne, ya riƙe hannuna ya daɗe fiye da yadda nake so. Malamar ajin su Emmett ta ce ba yara ba ne, su kati suka yi.

Ban cire wannan ba. Na je da almakashin, na tsaya a gabansa, sai na ji in na cire gobe zan tarar da na uku, ƙarami fiye da wannan. Ban san me ya sa wannan tunanin ya fi ba ni tsoro ba.

An sake kira. Numfashi.

Laraba, 22 ga Mayu, da yamma

Wani ya ajiye furanni a gindinsa. Da 'yar tsana irin ta wasan yara.

A kanti wata mata da ban sani ba sosai, daga ƙauyen da ke ƙetaren gada, ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya ba mu haƙuri, ta ga wurin, yaro ƙarami haka. Na ce mata yana da rai. Ta janye hannunta kamar ta taɓa wuta. Ni na koma ina ba ta haƙuri.

Na manta madarar da na je saye.

Alhamis, 23 ga Mayu, da safe

Babu canji. Corinne ta ce zazzaɓi ya ɗan sauka. Muryarta kamar daga cikin rijiya.

Juma'a, 24 ga Mayu, da yamma

Yara sun dawo kan kekuna. Na san za su dawo, ban zaci haka ba.

Wasa suka ƙirƙiro. A taso daga bakin coci a guje, ba taka birki, a miƙa hannu a mari sirdin farin keken, sannan a karya kwana kafin a faɗa babbar hanya. Wanda ya taka birki ya faɗi. Ba sa ihu kamar da. Shiru suke yi, ɗaya bayan ɗaya, sauran na tsaye a kan tudu suna kallo. Shirun ne ya sa na leƙo.

Na isa lokacin da Beckett, abokin Emmett, ya taho. Kai ba komai, gashi na tashi. Yashin da aka zuba wa hanya lokacin sanyi saboda santsin ƙanƙara har yanzu yana tare a gindin gangaren, tayarsa ta baya ta zame a kai, ya dawo daidai da ƙyar. Na cafke hannun keken. Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na tuna dai yaron yana kuka, ni kuma ban sake shi ba.

Sai ga ubansa Russ ya fito da cokalin gasa nama a hannu.

"Ruben, sakar mini yaro."

"Dubi kansa. Ina hularsa?"

"Tana gida. Haba, ni da kai nan muka taso muna gangara tudun nan ba hula ba komai, ga mu da ranmu."

Na ce, "Kai dai ba sai ka faɗa ba, duk wanda ya yi magana da kai ya san ka taso ba hula."

Ya buɗe baki zai rama, sai idonsa ya sauka kan farin keken. Ya kama yaron a wuyan riga ya tasa shi gaba, keken a ɗaya hannun. Can da yamma ya zo ya tsaya a bakin ƙofata da tsintsiyar titi guda biyu. Muka share yashin nan. Ya cika baro har ya zube.

Asabar, 25 ga Mayu, da rana

Signe ta jera faranti biyar a tebur. Kaka Aili ta ɗauke biyu ta mayar. Signe ta sake fito da ɗaya. Muka bar shi.

Litinin, 27 ga Mayu, da yamma

Ba makaranta yau. Na ɗauki kujerar kamun kifi na je na zauna a gindin gangare. Duk yaron da ya zo sai na tsayar da shi. In ba hula, ya sauka ya tura kekensa gida. In da hula, in duba madauri, in matse birki in gani. Rabin kekunan nan birkinsu sunan birki kawai. Wata yarinya hularta a ƙeya take kamar kwando, goshi a buɗe. Suna kallona kamar mahaukaci. Wataƙila.

Na lura da abu biyu.

Na ɗaya, motoci na rage gudu. Babbar hanyar nan manyan motocin gungume ke bi, ba sa ɗaga ƙafa don kowa. Amma da direba ya hango farin keken sai ka ji injin ya sauka. Wani ma har cire hularsa ya yi.

Na biyu, akwai koriyar a-kori-kura da ke tsayawa can nesa, wajen tsohon gidan mai da aka rufe. Akwai mutum a ciki. Bai fito ba, bai tafi ba, har na naɗe kujerata.

Na san motar. Ba zan rubuta sunansa yau ba.

Talata, 28 ga Mayu, bayan cin abincin dare

Ina wanke kwanuka, Signe na gogewa, sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Da ita ya fita."

Na ce da me.

"Da hular. A kansa take har bakin coci. Manyan yaran nan ne suka ce masa kunkuru. Duk mai hula kunkuru suke ce masa, su riƙa ƙwanƙwasa masa kai suna cewa akwai mutum a ciki? Sai ya cire. Ya ce kada in gaya maka, zai mayar in ya isa ƙasa."

Ta ajiye farantin a hankali. Ta ce, "Ban gaya maka ba. Yanzu na gaya maka. Zai yi fushi?"

Na ce ba zai yi ba. Na durƙusa na riƙe ta, rigarta duk kumfa. Ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar. Kaka Aili tana falo ta ƙara muryar talabijin, don ta ba mu wuri.

Ban tambaye ta sunan yaran ba. Na san su. Biyu daga cikinsu jiya na gyara musu birki.

Laraba, 29 ga Mayu, da safe

Babu canji.

Alhamis, 30 ga Mayu, da hantsi

Orrin Beaudoin. To, na rubuta.

Shekara da shekaru a wurinsa muke sayen itacen hunturu. Shi ke tuƙa motar ranar Asabar ɗin nan. 'Yan sanda sun ce bai wuce ƙa'ida ba, bai sha komai ba, yaron ne ya fito masa daga gangare. Na ji, na ajiye a gefe, ban so in sani ba.

Yau da sassafe na gan shi. Yana durƙushe a gaban farin keken cikin hazo da ɗan gwangwani da buroshi, yana shafe wurin da hannun yara ya dusashe a sirdi. Da ya ji takuna bai gudu ba. Ya tashi da ƙyar, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na ce, "Ɗana bai mutu ba, Orrin."

Ya ce, "Na sani. Ina kiran asibiti ba sa gaya mini komai. Sai in kira gidanka. In na ji muryarka sai in gane daga yadda ka amsa."

Na ce to me ya kawo wannan.

Ya ce tun ranar bai iya bin hanyar nan da mota ba, sai ya tsaya daga nesa. Yana kallo motoci na wucewa kamar ba abin da ya faru, ko jinin ba a gama wankewa ba. Ya ce, "Ban gan shi ba, Ruben. Ƙarar kawai na ji. Har yanzu ita nake ji. Na ce bari in sa musu abin da za su gani."

Na yi niyyar dukansa. Na zo da niyyar tun daga gida. Amma ta ina za ka fara dukan mutumin da ya riga ya zama haka?

Ya ce in zo in ga wani abu. Na bi shi gidansa a bayan gari. Ya buɗe rumfar itace. A ciki, kekunan yara ne a jere, daga bango zuwa bango, duk farare fat, an jera su daga babba zuwa ƙarami. Har da mai taya uku. Daga juji ya tsinto su. Ya ce kowace mararraba da gangare ya haɗu da hanya zai sa ɗaya, ya zaga garin ya ƙirga.

Warin fenti ya cika wurin. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu, sai na ga kamar kowanne yana jiran mai shi ne. Na juya na fita.

Juma'a, 31 ga Mayu, da rana

Wata ta tura wa Corinne hoton wurin, da furannin da komai.

Ba ta yi ihu ba, gara ma a ce ta yi. Ta ce, "Ina zaune a nan ina shafa masa mai a leɓe, ku kuna can kun yi masa kabari." Na ce motoci na rage gudu saboda shi, na gani da idona. Ta ce, "Ka cire shi yau, Ruben. In ka bar shi ya kwana, kada ka zo ranar Lahadi."

Gaskiyarta. Ni ma gaskiyata. Na zauna a mota a ƙofar gida na rasa inda zan nufa.

Kaka Aili ce ta ƙwanƙwasa gilashi da sandarta. Ta ce, "Kai kafinta ne ko ba kafinta ba? In launi ne ya dame ku, fenti ya ƙare a duniya?"

Asabar, 1 ga Yuni, da yamma

Ni da Russ muka kwashe furannin. Muka yi wa keken fenti ruwan lemo mai ƙyalli, irin na rigar da mafarautanmu ke sawa don a hango su daga nesa, muka ɗaure masa hular kwano a sama da tuta doguwa. Na kira Orrin na ce sauran ma haka za a yi musu, in ba haka ba in ƙone rumfar. Ya ce to. Ya ce na gode. Na kashe wayar.

Na tura wa Corinne hoto. Ta rubuto, "Ya fi."

Litinin, 3 ga Yuni, da yamma

Na zauna a kujerata tun tashin makaranta.

Ba sa rage gudu kamar da. Wasu na ragewa kaɗan. Masu gungume sun koma yadda suke. Farin suke tsoro.

Ban gaya wa kowa ba. Orrin ya sani, yana can wajen tsohon gidan mai yana kallo.

Talata, 4 ga Yuni, bayan cin abincin dare

Taron majalisar gari. Ban iya magana a taro ba, Darlene ce ta yi, ta yi da kyau. Mun nemi alamar tsayawa da fitila mai ƙiftawa da tudun rage gudu a layinmu. Shugabar ta ce layin namu ne, za a yi tudun kafin ƙarshen wata, amma babbar hanya ba a hannun gari take ba, sai an rubuta an jira. Ta ce ta san ba abin da muke son ji ba ke nan.

Wani daga baya ya ce iyaye su riƙe 'ya'yansu mana. Russ ya juya ya ce masa, "Zo ka riƙe nawa na yini ɗaya, in ka iya na ba ka shi kyauta." Aka yi dariya. Na ji dariyar wani iri a kunnena, kamar a wani ɗaki ake yinta.

Laraba, 5 ga Yuni, da safe

Ya buɗe ido.

Corinne ta ce ba ya kallon kowa, sama kawai. Amma ya buɗe.

Asabar, 8 ga Yuni, da yamma

Mun tara yaran unguwa a filin ajiye motoci na coci. Fasto ya ba da wuri, Darlene ta zana hanyoyi da alli, da mararraba, da wurin tsayawa. 'Yar sanda ɗaya ta zo da kwalin huluna. Kowane yaro sai ya nuna ya iya tsayawa cak, ya sa ƙafa a ƙasa, ya duba hagu, dama, hagu kuma. Wanda zai gangara tudun daga yau, sauka zai yi a gidan Darlene ya tura. Iyaye suka amince duk wanda ya ga ɗan wani ba hula ya mayar da shi gida, ba fushi.

Manyan yaran nan sun zo, iyayensu sun taso ƙeyarsu. Suka tsaya a gefe hannu cikin aljihu. Beckett ya je gabansu da hularsa a kai ya ƙwanƙwasa ta da kansa ya ce, "Ee, akwai mutum a ciki. Sai me?" Ɗaya daga cikinsu, dogon, na ga ya juya baya yana goge fuska da hannun riga.

Orrin ya zo ba wanda ya gayyace shi. Ya shimfiɗa kayan gyara a can ƙarshen fili, ƙarƙashin bishiya. Iyaye suka riƙa janye yaransu daga wajen. Ya zauna shi kaɗai da sifana a hannu kusan har aka tashi.

Da safe na sauko wa Signe da kekenta. Ina can ina daidaita wa wani yaro sirdi, na ɗago sai na hango ta tana tura shi zuwa wurin Orrin. Na tashi zan kira ta, sai na fasa. Ta tsaya a gabansa ta ce birkin baya yana ƙara. Ya daɗe bai taɓa keken ba. Sannan ya gyara, ya juya tayar, ya matse, ya sake juyawa, ya matse, sau nawa ban sani ba, har sai da ta ce masa, "Ya isa haka, Mista Beaudoin, ya kama."

Ban san ko ta san wane ne shi ba. Ina jin ta sani.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

Ya bi ni da ido daga ƙofa zuwa taga. Irin kallon da ake yi wa mai gyaran famfo.

Laraba, 12 ga Yuni, da rana

An zuba tudun rage gudu. Baƙi wuluk, yana warin kwalta. Yara sun riga sun gano in ka taho a guje yana ɗaga ka sama. Na koma kujerata.

Wayar gida ta yi ƙara. Na ɗauka na ce, "Ya fara haɗiye ruwa, Orrin." Aka yi shiru, sannan aka kashe.

Asabar, 15 ga Yuni, da yamma

Yau aka ce za a tayar da shi tsaye karon farko. Na tafi da Signe.

Ba ya magana tukuna. Hannun dama ba ya ɗaguwa sosai. Signe ta ce masa sannu, ya kalle ta, ya kalli bango. Ta zauna a gefen gado tana ba shi labarin tudun rage gudu kamar yana amsawa.

Mai koya masa tafiya ta shigo da wani abu a leda. Hula ce. Shuɗiya, mai taushi a ciki, da madauri. Ta ce tun da ƙashin nan ba ya wurinsa, ba zai sauka daga gado ba sai da ita, ko bayi zai je, har ranar da za a mayar. Watanni ke nan. Corinne ta riga ta sani, ni ne ban sani ba. Na fita baranda na tsaya na ɗan lokaci.

Da na dawo matar tana shirin sa masa, Corinne ta ce, "Ba wa babansa."

Na karɓa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ɗora masa a hankali, ina tsoron gefen da ya lotsa, na daidaita ta a goshi, na jawo madaurin ta gaban kunne da bayan kunne. Ina laluben maɓallin, sai ya ɗaga haɓarsa. Shi da kansa. Ya ɗaga ta sama ya rufe ido ɗaya, yana jiran in ɗaure kada maɓallin ya cije masa fata, kamar yadda yake yi mini tun yana ƙarami.

Na ɗaure. Na zura yatsa a ƙarƙashi na ji ba ta matse ba.

Ya yi taku uku, mutum biyu na riƙe da shi, sannan ya gaji aka mayar da shi.

A bakin lif Corinne ta ce duk kwanakin nan da ake gwada masa ita bai taɓa ɗaga wa wata nas haɓa ba. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko don ni ta faɗa. Nas ɗin tana tsaye a wurin. Ban tambaye ta ba.